Akwatin Wasan da Na Haɗa wa Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya tsare mana kai daga sharrin wutar lantarkin da kake taɓawa kullum. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi tun da muka hana ta hawa sama yin shanya, ko da yake da zarar mun juya baya sai ta hau. Surukinka, maigidana, yana nan yana fama da katakonsa, yana gaishe ka ƙwarai. Yara suna zuwa makaranta, ƙaramar ta yi giɓi har biyu a gaba, yanzu ba ta dariya sai ta rufe baki da hannu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali ko shekaranjiya mun yi waya. Dalili kuwa shi ne duk lokacin da ka kira, Inna tana tsaye a kaina, kuma tun kafin in ɗauka ta riga ta ja mini kunne kada in tayar maka da hankali a inda kake. Shi ya sa kullum amsata ɗaya ce, jiki da sauƙi. Ba ƙarya nake yi maka ba, Yaya, amma ban taɓa faɗa maka duka ba. Yau na ga abokin aikinka zai koma, na ce bari in zauna in amayar maka da abin da ke cikina, in kuma haɗo maka da wani zane da nake so ka duba mini da idon mai sana'a.

Wata biyu da rabi ke nan tun da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ƙafar ta fara dawowa, yana takawa daga gado zuwa bakin ƙofa yana dogara sanda. Magana ma tana fita, kalma ɗaya ko biyu, in mutum ya yi haƙuri zai gane. Hannun ne ya ƙi. Yana nan kwance a kan cinyarsa kamar ba nasa ba, yatsun sun fara lanƙwashewa ciki. Malamar asibitin da ke koya masa motsa jiki ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta ce kuma ya riƙa tsintar murafen kwalba yana jefawa a kofi. Ka san Baba. Ya dubi ƙwallon, ya dube ta, da muka dawo gida ya ɗauka da hagu ya wurga ƙarƙashin gado, wai shi ba jariri ba ne. Daga ranar ya juya wa ɗaki baya, fuskarsa na kallon bango, abinci ma sai ya ci loma uku ya ture. Malamar ta ja ni gefe ta faɗa mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Ta ce waɗannan watannin na farko su ne ake samun abin da za a samu, hannun da ba a motsa shi ba zai sandare. Ta ba mu mako biyar. Ta ce in mun koma ba ta ga alamar motsi ba, za ta ɗaure hannun a madauri don kada ya ƙara lanƙwashewa, ta koma koya masa rayuwa da hagu. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran rediyo da talabijin da hannun nan, Yaya. Yau da nake rubuta maka saura kwana takwas mu koma.

A makon farko na je shagonsa ɗauko masa tabarau, na tsaya ina kakkaɓe ƙura. Can baya, ƙarƙashin tarin matattun talabijin, sai na ci karo da fuskar irin akwatunan wasan nan da ake jefa wa kwabo, waɗanda ake kawo masa gyara muna yara. Ka tuna yadda in ya gama gyara yake cewa zai yi gwaji, sai ya share awa guda yana juya 'yar sandar da ke jikin akwatin yana danna maɓallai, Inna ta aike mu kira har sau uku abinci ya huce? Gara ta cinye katakon, ƙarafan sun yi tsatsa, ba abin da zai moru. Amma na daɗe a tsaye ina kallonta. Washegari na koma wurin malamar na kwatanta mata, ina jin kunya kada ta ɗauke ni mahaukaciya. Ta yi dariya, ta ce duk abin da zai sa ya riƙe, ya tura, ya danna, kuma da son ransa, ya fi mata ƙwallo ɗari. Da na gaya wa surukinka, ya ce katako nasa ne, zai yi mini akwati mai kyau, amma waya babu ruwansa, tun ranar da wuta ta ja shi a wurin aiki ya yi rantsuwa. Ka ga ni ke nan, tela, wadda ko ƙwan fitila ba ta taɓa canjawa ba, ni zan haɗa.

Na tafi layin masu sayar da kayan lantarki wurin Dogo, wanda Baba ke sayen kaya a wajensa. Da ya ji don wa nake nema, ya rufe littafinsa ya zube mini kaya a tebur, kaina ya ɗaure. Ashe sandar juyawar ma iri biyu ce. Akwai gajera mai kai kamar ƙwallo, tana da laushi, taɓa ta kaɗan ta tafi. Akwai doguwa mai kai kamar ƙaramar kwalba, ita kuwa tana da tauri. Na rasa wadda zan ɗauka, don ni hannuna lafiyayye ne, duk biyun daidai suke a wurina. Sai na ciro ƙyalle a jakata na naɗe yatsuna na dama tamau yadda ba za su motsa ba, na riƙa gwadawa da tafin hannu kawai. Mutane suka tsaya suna kallona, wata mata har tana yi mini sannu da ciwo. Mai ƙwallon tana zamewa daga tafin hannu, ba ta da inda za a jingina. Doguwar tana zama a cikin hannu ko ba a riƙe ta ba, sai dai turawa aiki ne. Dogo ya ce ai doguwar Baba ya fi so tun da can, wai masu ƙwallon alewar yara yake kiransu. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki doguwar, ban ƙara tunanin taurinta ba, kuma na yi nadamar wannan daga baya. A ƙarƙashin sandar akwai wani faifan roba da ake juyawa, ko a bar ta ta tafi kusurwa takwas ko a tsare ta a huɗu. Na ce a tsare ta a huɗu, gaba, baya, dama, hagu, don hannu mai rawa kada ya riƙa ɓacewa a tsakani.

Maɓallan dannawa su ma sai da na yi gumi a kansu. Wasu samansu a tashe yake, laushinsu har ya yi yawa, ɗora yatsa kawai sun danna. Wasu suna da ɗan rami a tsakiya inda yatsa ke zama, in an danna sai a ji ƙas. Na ɗauki masu ramin, manya, don na ga yatsan da ke karkarwa yana bukatar wurin da zai zauna, kuma Baba mutum ne mai son ya ji ƙarar abu kafin ya yarda ya yi aiki. Dogo ya so in ɗauki shida, masu fitila a ciki, wai za su faranta masa rai. Na tambaye shi ko fitilar tana da tata waya, ya ce kowanne biyu ƙari. Na ce ya riƙe abinsa, ni uku sun ishe ni, ja da rawaya da kore. Sai wani ɗan allo kamar kwalin ashana wanda duk wayoyin ke taruwa a kansa, daga shi igiya ɗaya ta tafi kwamfuta. Tsohuwar kwamfutar da ka bari a ɗakinka na kai wa Dogo, ka yafe mini ban tambaye ka ba. Ya zuba mata tsofaffin wasanni, har da irin na jirgin nan mai harbi da Baba ke so.

Daga nan muka yi kwana biyu muna jayayya da surukinka a kan inda za a huda ramin sandar. Ya ce duk akwatin da ya taɓa gani sanda a hagu take, maɓallai a dama, haka za a yi. Na ce yatsun Baba na dama ba za su iya danna komai ba tukuna, abin da zai iya shi ne turawa da tafin hannu, don haka sanda ta koma dama. Ya ce Baba ya fi mu sanin akwatunan nan, kallo ɗaya zai yi ya gane cewa na maras lafiya aka yi masa, kuma zai ji ciwo. Na ce in aka sa ta a hagu, to me muka yi ke nan, wasa kawai muka kai masa. Har muka kwana ba ma magana sosai. A ƙarshe ya ajiye fensir ya ce ubana ne, in yi yadda na gani. Da rana Baba yana barci na lallaɓa da tef ɗin awona na auna daga gwiwar hannunsa zuwa tafi, na auna faɗin cinyarsa, na yanka takarda kamar zan fitar da riga, na zana inda kowane rami zai zauna. Surukinka ya yi akwatin da ɗan gangare, ya goge gefunan sumul. Ni kuma na ɗinka ɗan matashi na soso na manna a inda wuyan hannu zai kwanta.

Haɗa wayoyin ne ya kusa kashe ni. A shagona na yi, tsakanin masu kawo ɗinki, kwana biyar ina abu ɗaya, har wata ta yi fushi ta kwashe yadinta. Dogo ya zana mini a bayan kwali. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan makunni mai ƙafa uku, sandar kuma tana da makunni huɗu. Baƙar waya ɗaya ce za ta bi su duka, daga ƙafar ƙasa ta wannan zuwa ƙafar ƙasa ta wancan, kamar zare ɗaya yana bin ramukan ɗinki, sannan ta koma allo. Bayan haka kowane makunni a ba shi tasa waya mai launi ita kaɗai. Wannan na gane. Ya ce ko in liƙa da dalma, ko in sayi 'yan hulunan ƙarfe da ake matsewa a bakin waya a zura a ƙafar. Na ji tsoron ƙarfen dalma, na ɗauki hulunan, na matse babban yatsana da filaya har farcen ya yi baƙi. Abin da ban gane ba shi ne sauran ƙafa biyun. Zanen Dogo ya yi kama da tafiyar kaza, na kasa tantance ta tsakiya yake nufi ko ta sama. Na duba na ga kamarsu ɗaya, na ce ai duk ƙarfe ne, na zura a ta sama don ta fi sauƙin kaiwa, duka bakwai ɗin. Surukinka ya ce in gwada tukuna kafin in kai. Kwamfutar tana gidan su Inna, kwanaki kuma suna ta tafiya, na ƙi ji. Laifina ne, ba na kowa ba.

Na kai wa Baba akwatin da rana bayan an ci abinci. Inna ta tare ni a tsakar gida tana cewa in bi a hankali, yau ko ruwan shayi bai sha ba. Na shiga na yi sallama, ya amsa bai juyo ba. Na jona komai a talabijin ɗin ɗakinsa, na kunna. Yaya, ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba jirgin ya kama harbi shi kaɗai babu ƙaƙƙautawa, ya ruga kusurwa ya maƙale yana karkarwa. In na danna jan maɓalli sai harbin ya tsaya, in na saki ya ci gaba. Ƙara ta cika ɗakin, Inna daga waje tana cewa in kashe abin nan kafin ya tayar wa mutum da ciwo. Ina lalubar inda zan kashe sai na ga Baba ya juyo. Ya daɗe yana kallon talabijin, ya dubi akwatin, ya dube ni. Na sha jinin jikina, na ce yau zai kore ni da kayana. Sai ya yi mini nuni da hagu in kifa akwatin in buɗe gindinsa, ya nuna idonsa in miƙo tabarau. Ya sunkuya yana duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sai na ji wani sauti ya fito daga ƙirjinsa. Na zaci kuka ne ko ciwon ne ya dawo. Ashe dariya ce. Da rabin baki yake yi, har da hawaye, ta farko tun ranar da ya faɗi. Inna ta shigo a guje da ludayi a hannu. Ya maimaita wata kalma sau uku kafin na gane tsakiya yake cewa, ƙafar tsakiya. Ya ce duka. Sannan ya tambayi wa ya koya mini, na ce Dogo, ya ja dogon tsaki.

Kwana biyu muka yi muna gyara, shi ne maigida ni ce 'yar koyo, kuma yanzu na san abin da ka sha a hannunsa. Da fensir yake nuna mini, in na yi kuskure ya ƙwanƙwasa mini a bayan hannu. Ya aike ni shago na ɗauko masa mitarsa ta gwada waya, ya sa na gwada kowane makunni sai ta yi ƙara lokacin da aka danna, ba kafin a danna ba. Ya fahimtar da ni cewa ƙafar sama a haɗe take kullum sai an danna ta rabu, ta tsakiya kuwa a rabe take sai an danna ta haɗu, shi ya sa komai nawa ya zo a juye. Muka gama wannan, muka kunna, sai ga wata sabuwa: in an tura sanda gaba jirgi ya yi baya. Ya ɗaga fensir ya riƙe shi a tsakiya, ya tura kan fensirin gaba don in ga gindin ya koma baya, nan na gane makunnin baya ne ke aikin gaba. Ya ja hulunan da na matse, huɗu suka zare a hannunsa, ya girgiza kai. Ya tilasta mini na kama ƙarfen dalmar da nake gudu na liƙa su, yana kallo ko ƙiftawa ba ya yi. Bai bar ni na rufe ba sai da na ɗaure wayoyin gida-gida da zare. A kwana biyun nan ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari. Inna sai ta shiga kicin ta yi ta share ido tana hamdala.

Na ɗauka mun fita, Yaya, ashe da saura. Da aka gama aka ɗora masa akwatin a cinya, sai ya ƙetaro da hannun hagu ya kama sandar, yana juyawa yana saki yana danna maɓalli, duk da hannu ɗaya. Na dama yana nan inda yake. Kwana uku haka, ina kallo. Rana ta uku ya tsaya cak a tsakiyar wasa, ya dubi sandar, ya dubi ɗan matashin da na ɗinka a gabanta, ya tambaye ni wa ya ce a sa ta a dama. Na so in ɗora wa Dogo ko surukinka, bakina ya kasa. Na ce ni ce, na kuma faɗa masa dalili, har da kwanakin da malamar ta ba mu, waɗanda muka ɓoye masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ture akwatin a hankali, ya ce in fita da shi, ya mayar da fuskarsa bango. Da na koma gida surukinka ya dubi akwatin a hannuna, ya karɓa ya ajiye a kan kujera bai ce uffan ba, shirun nan ya fi mini zafi a kan ya ce ai ya faɗa.

Bayan kwana biyu da safe, Inna ta fita cefane ni kaɗai ce da shi, sai ya kira ni ya ce in je in ɗauko. Da na kawo ya ce in rufe ƙofa. Ya sa hannun hagu ya ɗago na dama kamar mai ɗaukar kaya, ya ɗora a kan sandar. Hannun ya zame ya faɗi. Ya sake ɗagowa, ya sake faɗuwa. Sau biyar ina ƙirgawa a zuci. Na miƙa hannu zan taimaka, ya galla mini harara na koma na zauna. A na shida tafin ya zauna. Na ga kafaɗarsa tana rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi na ɗiga daga gemunsa a kan katakon, sandar ko gezau. Ya daɗe yana haki, sannan ya ce sifirin ne, naɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da sandar tsakiya, ya yi tauri. Ya kwatanta mini yadda zan cire ɗan zoben ƙarfen da ke gindin sandar in zaro shi, ya ce in nemo mai laushi. Ran nan na samu a wurin Dogo, ya ciro mini daga jikin mai ƙwallon da na ƙi ɗauka. Ya gargaɗe ni cewa in ya cika laushi, nauyin hannu kaɗai zai kwantar da sandar ta ƙi komawa tsakiya.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai. Kwana biyu sifirin nan yana cikin jakata, ina ce wa Baba ba a samu ba. Na kasa sakawa. Muddin mai taurin yana ciki, laifin na sifirin ne, da ni da na zaɓo shi. In na saka mai laushi sandar ta ƙi motsi, ba sauran abin da za mu ɗora wa laifi sai hannun, kuma ban san da wane ido zan dube shi ba. Jiya da safe na sake cewa ba a samu ba, ya tsura mini ido, ya nuna jakata. Ka san ba a yi wa Baba ƙarya sau uku. Ya tambaye ni ko tsoro nake ji. Na ce e, hawaye suka zubo. Ya dafa ƙirjinsa ya ce shi ma, amma a saka.

Na saka. Zoben ya kufce mini ya yi tsalle, na yi ta rarrafe ina nema a ƙasa shi kuma yana nuna mini da sandar dogarawarsa. Da na rufe zan kunna kwamfuta, ya hana, ya ce ji kawai yake so ya yi. Ya ɗora hannun, ya zauna tun a karo na biyu. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashinsa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, ni dai ƙafata har ta yi sanyi a inda na durƙusa. Sai na ji ƙas. Sandar ta tafi hagu, wajen jikinsa, ta dawo tsakiya da kanta. Ya rufe ido ya huta, ya sake, ta sake yin ƙas. Ya gwada dama, ya gwada gaba, ya gwada baya, duk suka ƙi. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini yatsu uku na hannun hagu, wato saura uku. Ya ce kada in gaya wa Inna sai sun cika huɗu.

To ka ji inda muke. Ban sani ba ko ƙas biyu za su ishi malamar, ko za ta ce kafaɗa ce ta tura ba hannu ba. Ban sani ba ko ukun nan za su zo cikin kwana takwas, ko ba za su zo ba har abada, kuma in ba su zo ba ina tsoron ya koma bango, komawar da ba zan iya juyo da shi ba. Ina tashi da abin, ina kwana da shi, jiya har na ɗinka hannun riga a baibai. Don Allah ka duba zanen da na haɗo, ka gaya mini ko akwai makunnin da ya fi wannan laushi, ko kuma in aka ƙara wa sandar tsawo turawa za ta yi sauƙi. Sannan in ka kira shi, ka daina tambayarsa ya jiki, tambayar nan tana ƙona masa rai. Ka nemo wata matsala daga wurin aikinka, ko da ka san amsarta, ka ce ta gagare ka, ka yi haƙuri ka saurare shi har ya gama. In kuma akwai halin a ba ka hutu ko na mako guda ne, ka zo, Yaya. Ina iya ƙoƙarina, amma na gaji da jin tsoro ni kaɗai.

Ka gaishe mini da Anti ƙwarai, ka ce mata na gode da addu'o'in da take yi. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Baba da Auta. In ka haɗu da Kawu ka isar masa da gaisuwata da ta Inna, haka Gwaggo da mutanen gidanta, amma kada ka faɗa musu zancen hannun tukuna. Surukinka da yara suna gaishe ku. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya ƙara wa Inna haƙuri, Ya sada mu da alheri. Zan tsaya a nan, Inna ta ɗauki kwando ta fita yanzun nan, ga shi ina jin Baba yana kirana in zo in rufe ƙofa.

Taka har kullum,
Ƙanwarka tela.